Sadiyya da Minti Goman Baba Shekara

Duk wanda ya san kasuwar Matameye shekara ashirin da suka wuce zai tuna teburin Malam Manu mai agogo, a layin masu rediyo, daf da inda motoci ke lodi. Tebur ne ƙarami da akwatin gilas a kansa. Zai kuma tuna ƴarsa Sadiyya, wadda in an tashi lakwal, wato makaranta, sai ta zo ta zauna a kan benci kusa da shi, ta yi shiru har baƙi su ɗauka bebiya ce. Kallo kawai take yi. Ta lura uban ba ya taɓa kwance agogo kafin ya tambayi mai shi abu biyu: yaushe ya fara, kuma wa ya taɓa shi. Sai ya rubuta amsar a wani tsohon kaye, wato littafin rubutu, sannan ya ɗauki turnabis ɗinsa na kwance noti.

Ta yi karatu har ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta tafi jami'a a Damagaram ta karanta jografi. Shekarar da ta gama, Allah Ya yi wa Malam Manu rasuwa. Kafin nan ma salula ta riga ta kashe kasuwar agogo. Sadiyya ta dawo gida, ta tura akwatin kayan aikinsa ƙarƙashin gado, ta shekara uku tana buga wa mutane takardu a wani shagon fotokofi. A can ta saba da na'ura, ba wanda ya koya mata. In ta ƙi, sai ta zauna da ita har ta gane dalili.

Sai aka ɗauke ta aiki a haɗakar ƙungiyoyin manoma, wani biro, wato ofis, mai ɗaki huɗu a hanyar Kance. Gwajin wata shida aka ba ta. In ta yi, a tabbatar da ita. In ba ta yi ba, akwai wani mai difloman kwamfuta a Damagaram da takardunsa ke cikin durowar shugaban biron, Alhaji Yunus. Bai ɓoye mata ba, ranar farko ya gaya mata.

Ranar farkon ce kuma ta haɗu da Baba Shekara, planton biron, wato masinja, dattijo siriri mai farin gemu wanda ya shekara talatin da ɗaya yana buɗe ƙofar nan da safe. Ya dube ta sau biyu.

"Ke ba ƴar Manu ba ce?"

"Ni ce, Baba."

"Allahu akbar. Ga hancin nan. To shigo, kin makara."

Ta duba salularta, takwas saura minti biyar. Ta ɗaga kai ta dubi babban agogon bango, takwas da minti biyar. Firdausi, sakatariyar biron, ta yi dariya ta ja ta gefe. Ta ce agogon Baba ne, tun kafin a haife su yake gaba da minti goma. Wata rana can da daɗewa an aike shi da takarda mai muhimmanci zuwa Damagaram, ya isa tasha yana hangen ƙurar motar da ta tashi. Tun daga ranar ya tura agogon gaba, kuma duk shugaban da ya zo sai ya tarar da abin yana da amfani: ana fara taro kan lokaci, ana samun sahun farko a azahar. Abin ya dami Sadiyya a makon farko, ƴar mai gyaran agogo ce. A mako na biyu idonta ya saba kamar na kowa.

Aikinta shi ne kula da dandalin da ma'aikatan ke tattaunawa da ajiye takardu a intanet, da kuma wani bot da ke cikinsa, wato shirin da ke karɓar saƙo ya amsa kamar mutum. Wani injiniya daga Yamai mai suna Idrisa ne ya haɗa shi. Ya kwana huɗu a Matameye, ya ɗora bot ɗin a kan wata ƙaramar na'ura a kusurwar ɗakin Sadiyya, ya sayi kilishi, ya bar lambar wayarsa. Ma'aikata suka raɗa wa bot ɗin suna Sanƙira, don shi ke kai shela ya kawo labari. A ƙauye talatin da huɗu akwai mai duba ma'aunin ruwan sama. Kowace safiya zai rubuta wa Sanƙira abin da ya sauka, Sanƙira ya ce ya karɓa, ya jera su duka ya ajiye gaban Alhaji Yunus kafin ƙarfe takwas. Da wannan jerin ake sanin inda motar irin gero mai saurin nuna za ta nufa. In an kai iri kafin ruwa, wasu su binne shi a busasshiyar ƙasa, ɓera da tsuntsu su yi buki. In an kai bayan kwana uku, laimar ta tafi.

Wahalar farko rajista ce. Kafin dandalin ya yarda Sanƙira ya shiga, sai an yi masa rajista da sunan biron, kuma sai an shigar da wata lamba shida da ake turowa ta saƙon waya. Sadiyya ta danna sau uku, lamba ba ta zo ba. Firdausi ta ce rezo ne, layin waya ba ƙarfi. Sadiyya ta duba ƙarshen lambar wayar da dandalin ya ce ya tura wa, ta ga ba ta kowa ba ce a biron. Da kyar ta iya ƙwanƙwasa ƙofar shugaba.

"Ranka ya daɗe, wace lamba ce ke ƙarewa da arba'in da bakwai?"

Alhaji Yunus ya dafa hula. "Tsohon layina ne. Na ba Hajiya."

Matarsa Hajiya Fati kuwa tana Dungu gidan suna. Aka kira ta, ana jin guɗa da ƙarar tukwane a bayanta.

"Wace lamba kuma, Alhaji? Ni na ga wasu saƙonni, na ɗauka ƴan damfara ne na goge."

"Kada ki goge wannan! Karanto."

"Tsaya in nemo tabarau. Kai, wa ya zauna mini a kan jaka?"

Kafin a ɗaga wadda ta zauna a kan jakar, lambar ta mutu. Sai a karo na uku aka samu, Hajiya na karantowa, Alhaji na maimaitawa da ƙarfi kamar mai jan baƙi, Sadiyya na bugawa. Da yamma ta mayar da rajistar kan layin biron, ta sayi kaye sabo, ta rubuta a shafin farko: kwanan wata, abin da ya faru, wanda ya taɓa.

Akwai wani ƙaramin aibi da na'urar ta zo da shi. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke da dare, da safe ba ta tashi sai an rubuta mata kwanan wata da lokaci. Tun da saƙonnin ƙauyuka na fara shigowa kafin ƙarfe bakwai, kuma Baba Shekara ne kaɗai ke biron a lokacin, Sadiyya ta koya masa. Ya iya lambobi sarai, ya yi yaƙi da jahilci. Ta nuna masa maɓallin kunnawa, da inda zai buga rana, da inda zai buga lokaci, da babban maɓallin da zai danna a ƙarshe. Ya gwada sau biyu ya iya. Washegari duk masu shayin bakin titi sun ji cewa Shekara ne ke tada injin.

Watannin sanyi kuran bai cika ɗaukewa ba, kuma ba ruwan da za a auna, ba wanda ke jiran saƙon safe. Da bazara ta kama, wuta ta fara wasa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, sai Sanƙira ya fara ƙin magana. Mai ma'auni a Icirnawa zai rubuta, shiru. Na Dungu zai rubuta, shiru. In Sadiyya ta zo ta buɗe rahoton na'urar, sai ta tarar da layi bisa layi na abu guda: lamba 401, da kalmomi biyu na Faransanci masu nufin ba a yarda da kai ba.

Ta kira Idrisa. Yana cikin mota, ya ce makullin sirrin ne ya tsufa, ta sake wani. Ta shiga dandalin ta fitar da sabon makulli, ta sa wa Sanƙira, ta zare wayar wuta ta mayar. Na'ura ta nemi lokaci, ta duba salularta ta buga. Nan take saƙonni suka fara amsuwa. Ta je ta gaya wa Alhaji ta gyara.

Bayan kwana biyu abin ya dawo. Ta sake makulli, ta zare ta mayar, ya yi. Ta sake cewa ta gyara. Karo na uku Idrisa ya ce, "Madam, wataƙila wani na shiga da kalmar sirrinki. Canza ta." Ta canza. Karo na huɗu ya ce ta goge rajistar ta sake daga farko, sannan ya daina ɗaga waya.

Karo na biyar ne ya yi muni. Sadiyya ta tafi Dungu tun da sassafe koya wa sababbin masu ma'auni, ba ta biyo ta biro ba. A daren an yi ruwa mai kyau a ƙauyuka shida na yamma. Duk sun rubuta, ba wanda ya isa. Motar iri ta yini a inuwar dogon yaro, direba na barci a ƙarƙashinta. Sai da la'asar wani shugaban ƙungiya ya iso a kan babur, ransa a ɓace, yana tambayar ko sai ƙasa ta bushe za a tuna da su.

Alhaji Yunus ba mai ɗaga murya ba ne. Ya kira ta washegari, ya bar ƙofa a buɗe.

"Malama Sadiyya, sau nawa kika ce mini kin gyara?"

"Sau huɗu, ranka ya daɗe."

"Ban ce kin yi ƙarya ba. Amma ni manoma nake kallo. Kwana biyar ya rage ranar kasuwa, shugabannin ƙungiyoyi duk za su zo. In har zuwa ranar ba ki gaya mini abin da ke damun wannan abu ba, kuma ya daina, zan kira yaron Damagaram. Kin ji ni?"

"Na ji."

Ta koma ɗakinta ta zauna. Firdausi ta leƙo da kofin ruwa ta ce, "Ki yi kuka in za ki yi, na tsare miki ƙofa." Ba ta yi ba. Ta jawo kaye.

Ta jera ranakun biyar a shafi guda. Ba rana ɗaya ta mako ba ce. Ba ƙauye ɗaya ba ne. Makulli sabo ne, kalmar sirri sabuwa ce. Sai ta fita ta sami mai gadin maƙwabta ta tambaye shi darare nawa aka ɗauke wuta a watan. Ya ƙirga mata da yatsu, don duk daren da aka ɗauke sauro ke hana shi barci. Biyar ne, kuma su ne biyar ɗinta. To amma ita ma tana zare wuta ta mayar, kuma a hannunta abin gyaruwa yake. Wuta ɗaya, na'ura ɗaya. Ta daɗe tana kallon ginshiƙi na uku na kayen, inda ake rubuta wanda ya taɓa. A ranakun nan biyar ba ta rubuta komai a wurin ba, don ba ta taɓa ɗaukar kunnawar safe a matsayin taɓawa ba.

Kwana biyu wuta ta ƙi ɗaukewa, abin da bai taɓa ba ta haushi ba sai a makon nan. A dare na uku ta ɗauke. Sadiyya ta iso biro rana na ɓullowa, ta tarar Baba na yayyafa ruwa a tsakar gida.

"Lafiya, ƴar Manu? Ko an kore ki daga gida?"

"Lafiya lau, Baba. So nake in ga yadda kake tada shi."

Ya ajiye bokiti, ya goge hannu a rigarsa, ya shiga gaba tana biye. Ya cire hula ya kaɗe ƙurar maɓallan da ita. Ya yi bisimilla ya kunna. Da na'ura ta nemi rana, ya buga da yatsa ɗaya, daidai. Da ta nemi lokaci, ya juya ya leƙa ta ƙofa, ya dubi agogon bango, ya buga bakwai saura minti goma. Ya danna babban maɓalli, ya ja da baya yana murmushi.

Sadiyya ta dubi salular da ke tafin hannunta. Bakwai saura minti ashirin.

Sai wani layi ya faɗo mata, wanda ta karanta sau uku a takardun dandalin ta wuce. Kowane saƙo da dandalin ke miƙa wa bot yana zuwa da hatimin lokacin da aka aiko shi. In lokacin ya bambanta da agogon na'ura fiye da minti biyar, bot zai ɗauka tsohon saƙo ne wani ya sato yana maimaitawa, ya ƙi karɓa. Ta wuce layin ne don duk sanda ta dubi agogon na'urar, ta ɗaga kai ta dubi na bango, bakinsu ɗaya. Suna tsaye saƙon Icirnawa ya shigo, 401 ta fito a gabansu. Ta mayar da agogon na'urar baya da minti goma. Na Dungu ya shigo, Sanƙira ya amsa: na karɓa.

Daɗin da ta ji ya kusa sa ta tsalle. Sai ta dubi fuskar dattijon, daɗin ya ragu. Ta jawo masa kujera, ita ta tsuguna.

"Baba, injin nan da agogon duniya yake aiki. Minti biyar kawai yake yafewa. Namu na bango yana gaba da goma."

Ya zauna a kujerar. "Kenan ni ne na hana mutanen yamma iri."

"Ni na koya maka. Na ce ka buga lokaci, ban ce na wane agogo ba."

"Ke kin ce lokaci. Ni kuma lokaci ɗaya na sani." Ya juya hular a hannunsa. "Shekara talatin ina tura shi gaba don kada a makara. Ga shi ya sa an makara."

Ta ce ya jira ta. Ta hau kabu-kabu ta koma gida, ta jawo akwatin ubanta daga ƙarƙashin gado. Tambayar da ta rage ita ce, me ya sa tun farko na'urar ke manta lokaci in wuta ta tafi? Agogon da ke tsayawa in an cire masa wuta, ta san ciwonsa tun tana ƴar shekara takwas. Ta dawo ta kashe na'urar, ta kwance murfin da turnabis ɗin Malam Manu mai jan mariƙi. A can ciki, a wani ɗan gurbi, ga pil, ɗan batir zagayayye kamar kwabo, irin wanda ubanta ke jerawa a cikin gilas. Ta cire shi, ta tafi layin masu rediyo. Mutum na uku da ta tambaya ya zaro mata shi daga ƙasan wani gwangwani. Ta sa, ta daidaita lokaci, ta kuma kunna wa na'urar tsarin da za ta riƙa tambayar agogon intanet da kanta. Ta zare wuta, ta ƙirga ɗari, ta mayar. Na'ura ta tashi ba ta tambayi kowa komai ba.

Wannan karon ba ta je ta ce ta gyara ba. Ta jira.

Daren kasuwa aka yi hadari mai iska, wuta ta ɗauke tun farkonsa. Da safe ƙasa na ƙamshi, amalanke na shigowa gari da taɓo a ƙafafun shanu. Baba Shekara ya kunna na'ura da bisimillarsa. Kafin ƙarfe takwas jerin ya cika, talatin da huɗu ba gibi: Icirnawa milimita ashirin da uku, Dungu sha tara. Motar iri ta fita shugabannin ƙungiyoyi na zaune a benci suna kallo.

Da suka watse zuwa kasuwa, Alhaji Yunus ya kira ta.

"To, mene ne?"

Ta ajiye mataccen pil a kan teburinsa. "Wannan ne ya mutu, ranka ya daɗe. Shi ke riƙe wa na'urar lokaci. In lokacinta ya kauce, sai ta ƙi karɓar saƙo. Na sa sabo."

Alhaji ya ɗaga shi yana juyawa. "Wannan ɗan abin?"

"Ba shi kaɗai ba, Alhaji." Baba Shekara ne a bakin ƙofa, da tsintsiya a hannu. "Ƴar Manu kunya ce ta hana ta. Da pil, da ni. Lokacin agogona nake ba shi."

"Ni na koya masa," in ji Sadiyya, kanta a ƙasa. "Ban bambance masa ba."

Alhaji ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya leƙa ta ƙofa ya dubi agogon bango. Sai dariya ta ƙwace masa, har ya cire tabarau.

"Injiniyan Yamai ya ce ɓarayi ne. Ashe Shekara ne!"

"Ni ma injiniya ne, Alhaji. Ba kowa ke iya tsayar da inji da yatsa ɗaya ba."

Firdausi da ke laɓe a baranda ta fashe da dariya. Alhaji ya jawo durowa, ya fitar da takardun mutumin Damagaram, ya miƙa mata ya ce ta sa a ambulan ta mayar masa da godiya. Sannan ya ce ta buga takardar tabbatar da Malama Sadiyya Manu, ya sa hannu kafin azahar.

Baba ya tsaya jim. "To agogon fa, Alhaji? In mayar da shi?"

Alhaji ya nuna Sadiyya da haɓa. "Tambayi mai injin."

Duk suka juyo gare ta, abin da ta fi ƙi a duniya.

"A bar shi, Baba. Injin ya sami nasa. Mu har yanzu muna buƙatar naka."

Ya gyaɗa kai, ya miƙa hannu ya ɗauki mataccen pil daga teburin shugaba ba tare da neman izini ba, ya jefa a aljihun gaba. Sadiyya ta koma ɗakinta ta buɗe kaye. Ta rubuta kwanan wata, ta rubuta pil da minti goma. A ginshiƙi na uku ta rubuta sunaye biyu, nata a sama.